Shaho ne ko Shirwa

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Sun shiga da Tsohuwa, matata, ɗakin da ba a bin mutum. Likita ya ce Allah ya taimake mu da muka kawo ta da wuri. Wannan na riƙe. Sauran abin da ya faɗa na bar wa Auta, ita ta tsaya ta saurara har ƙarshe. Ni ina kan benci a baranda da takalman uwarta a cinyata. Ban san abin da ya sa na ɗauko su ba, ai ba da ƙafarta ta shigo ba.

Na gode wa Allah da maƙwabcinmu direba bai riga ya fita aiki ba.

Litinin, bayan la'asar

Sun fito da ita. Ba ta farka ba. An ce haka ake yi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe goma na safe

Mutum ɗaya ake bari ya shiga, shi ma na ɗan lokaci. Na wanke hannu, na sa rigar da suka ba ni. Ta ƙanƙance a gadon. Matar da muryarta ke kaiwa bakin titi idan na bar ƙofar bayi a buɗe, yau na'ura ce ke yi mata magana.

Ni dai makaniki ne, kunnena ya saba da inji. Na tsaya na saurari na'urar da ke gefenta, tafiyarta daidai, ba gargada. Na gaya wa Sista mai tabarau haka. Ta yi dariya ta ce, "To Baba, tunda ka duba mana ita, ƙara minti biyar." Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Alhamis, 6 ga wata, da azahar

Auta ta kore ni gida in yi wanka in kwanta. "Baba, in kai ma ka faɗi, wa zan riƙe?"

Na iso ke nan na tarar da wata mata a ƙofar gida, ta ɗan manyanta, da jaka a kafaɗa. Ta gaishe ni cikin ladabi.

"Baba, kai ne Sajan da ya yi gyaran jiragen yaƙi?"

"Ni ne ragowarsa."

"Ni 'yar Bahago ce."

Sai da na dafa bango. Bahago matuƙi ne, ni ne makanikin jirginsa lokacin yaƙi. Wata safiya na duba masa komai lafiya ƙalau, na sallame shi ya tashi, har yau bai sauka ba. Na san ya bar matarsa da ciki. Ashe cikin ne wannan a gabana, har da furfura a goshi.

Ta ce a gidan talabijin take aiki, ɗakin ajiyar tsofaffin finafinai. Suna kwashe su zuwa kwamfuta kafin su lalace, sai ta ci karo da wani guntun fim na lokacin yaƙi, ba sauti, ba rubutu a jikin gwangwaninsa. Jirgi a fili, matuƙi yana hawa. Hoton mahaifinta ɗaya tak gare ta, na katin aiki. Ba ta taɓa ganinsa yana motsi ba.

"So nake a gaya min wane irin jirgi ne. In irin nasa ne…" Ba ta ƙarasa ba.

Na ce mata gidan ba lafiya. Ta yi ta ba da haƙuri har ta ba ni kunya, ta juya za ta tafi. Ni na kira ta. Ta bar min wata 'yar kwamfuta mai kamar faranti, ta nuna min inda zan danna.

Ban kwanta ba. Na nemi sukari a gidana na rasa. Tun aurenmu ban taɓa sanin inda yake zama ba.

Juma'a, 7 ga wata, da yamma, a baranda

Fim ɗin gajere ne, kafin ka shanye kofin ruwa ya ƙare. Fari da baƙi, duk ya kakkarce kamar kaji sun yi tono a kai. Jirgi tsaye gaban rumfa, rana na dukan hancinsa daidai inda lambarsa take, sai fari fat. Wani makaniki ya ba da baya, yana riƙe da tsani. Matuƙi ya zo da hular kwano a kai, gilashinta a sauke, ya hau, ya ɗaga hannu. Shi ke nan.

Jirage iri biyu gare mu masu kama kamar wa da ƙane. Sunayensu na takarda duk lambobi ne, mu a rumfa Shaho da Shirwa muke ce musu. Dukansu hanci a buɗe kamar bakin tulu, fikafikai a karkace baya. Bahago Shaho yake tuƙawa. Bai taɓa yarda ya hau Shirwa ba, cewa yake jaki ne aka ɗaura wa fiffike.

Wanda ya sani yana rarrabe su da wasu siraran ƙarafa da ke tsaye a bayan fiffike, mu haƙarƙari muke ce musu. Shirwa biyu gare ta, Shaho uku. A wannan ɗan allon ina ganin biyu, da wani abu da ko na uku ne ko inuwa.

Na kalla har baturi ya mutu. Yau ban ɗaga kai na dubi agogon baranda ba ko sau ɗaya. Na gode wa baiwar Allahn nan, ba ta san abin da ta kawo min ba.

Asabar, da safe

Ba canji. Sista ta ce rashin canji ma wani abu ne. Na karɓa.

Lahadi, 9 ga wata, bayan azahar

Yayan Auta ya bugo daga garin da yake aiki. Ta ɗauki wayar ta yi ƙarshen baranda, amma muryar uwarta gare ta, ba ta ɓoyuwa.

"To ka zo ka gani da idonka mana, Yaya! Ni kaɗai aka haifa?"

Na yi kamar ban ji ba, na mayar da ido kan haƙarƙarin jirgin. Biyu ne ko uku. Biyu ne ko uku.

Da ta dawo idanunta sun yi ja. Na matsa mata a bencin, na nuna mata jirgin. Ta ce, "Baba, ni duk jirgi jirgi ne." Amma ta kwantar da kai a kafaɗata, rabon da ta yi haka tun tana firamare.

Talata, 11 ga wata, da la'asar

Na je wurin aikin 'yar Bahago. Ɗakin a ƙasan bene yake, sanyi kamar cikin firji, kantoci har rufi cike da gwangwanaye, ga wani warin tsami. Ta ce warin fim ne idan ya fara mutuwa. Ta zaunar da ni gaban babban allo, tana tafiyar da hoton kaɗan-kaɗan, tana tsayarwa duk inda na ce.

Daidai lokacin da matuƙin ya taka tsani, jirgin ya ɗan lotsa, inuwar ta gusa. Uku ne. Ga kuma bututun hayaƙi ya zarce wutsiya, na Shirwa ba ya zarcewa.

"Shaho ne," na ce.

Ta rufe baki da hannu biyu. Da na bar ta haka, da ta ji daɗinta. Amma ba haka aka koya mana aiki ba, ba a sallamar jirgi da "wataƙila".

"'Yata, tsaya. Shaho ba ɗaya ba ne, matuƙansa ma da yawa. Kuma dubi hannun da ya ɗaga."

Na dama ne. Mahaifinta kuwa ba banza aka sa masa Bahago ba. Da hagu yake rubutu, da hagu yake karɓar sifana, sarawa kaɗai yake yi da dama, ita ma sai ya tuna.

Ta tashi ta haɗa min shayi, ta sa sukari har ya yi yawa.

"Gara da ka faɗa min, Baba. Ko ba komai yanzu na san irin jirginsa."

Ita ke gode min, ni kuwa ji nake kamar na ƙwace wa yaro alewa.

Laraba, da hantsi

Sun fitar da mu da gudu, sun ja labule. Na ji na'urar. Ba zan rubuta ba.

Laraba, da magariba

Tana nan. Alhamdu lillahi. Tana nan.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe tara na safe

Yaron ya iso da motar farko, ko gida bai biya ba. Ya shiga wurin uwarsa, ya fito ya tsaya fuskarsa a bango. Auta ta bar shi ya daɗe a haka, sannan ta je ta miƙa masa burodi. Ya karɓa. Tun suna yara haka suke shiryawa.

Likita ya kira su biyun ofis. Ni na ce ina nan, ina gadin jakunkuna.

Juma'a, da yamma

Idan na shiga yanzu ba na tsayawa shiru. Sista ta ce a riƙa yi mata magana, wai suna ji. To me zan ce wa matar da ta riga ta san duk abin da zan faɗa? Sai na ba ta labarin fim. Na ce, Tsohuwa, kin tuna Bahago? Ashe mace aka haifa masa. Na ce Shaho ne, na tabbata, amma hannun ne ya ɓata lissafi. Na ce ki tashi ki gaya min inda kike ɓoye sukari.

Hannunta da ɗumi yau.

Asabar, 15 ga wata, da hantsi

Ƙwan lantarkin baranda ya mutu, wani mai gyaran wuta ya zo da tsani. Ina zaune ina kallonsa yana zagayawa yana neman inda zai jingina, sai na ji kamar an mare ni.

Tsani! Shaho ta hagu ake hawansa. Ƙugiyoyin da ake rataya tsanin a gefen hagu suke, ta dama babu ko rami. Na rataya wannan tsani sau ba adadi. A fim kuwa ta dama yake.

Na karɓi wayar Auta, na kira 'yar Bahago.

"'Yata, ana iya sa fim a baibai?"

Ta ce, "Ana iyawa, Baba. In wanda ya ɗora shi a na'ura ya juya shi, komai sai ya fito kamar a madubi."

"To je ki duba."

Kafin azahar ta bugo, tana haki kamar ta hau bene a guje. Ta ɗauko ainihin fim ɗin ta ɗaga shi a haske, rubutun kamfanin da ke gefensa ya nuna a juye aka kwafe shi. Ta gyara. Tsani ya koma hagu. Hannun ma ya koma hagu.

"Shi ne ko, Baba?"

"Ya yi kama. Bahago ɗaya gare mu. Amma mai dama ma yakan ɗaga hagu in ya riƙe wani abu. Ba zan rantse miki ba."

"Baba, kai fa da wuya kake."

"Haka matata ke cewa."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Rabona da dariya tun ranar Litinin ɗin nan.

Lahadi

Ba canji.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ta buɗe ido. Auta ce a ciki, ni ina bayi. Duk zaman da na yi a bencin nan, sai da na tashi! Ko a wannan sai da ta nuna min iyakata.

Da na shiga ta dube ni. Ta san ni. Ta matse min yatsa biyu.

Na fita bayan asibitin, wurin da janareta yake, inda ba mai ji. Abin da na yi a can tsakanina da Ubangijina ne.

Laraba, 19 ga wata, da azahar

Sun cire mata robar baki. Maganar na fita da ƙyar, gefe ɗaya na bakin bai gama farkawa ba. Muka taru mu uku, Sista ta kau da kai ta bar mu. Tsohuwa ta dubi ɗanta, ta dubi Auta, ta dube ni daga sama har ƙasa. Muka kasa kunne.

"Sajan," ta ce, "wa ya bar ka ka fito da wannan rigar?"

Yaron ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba.

Asabar, 22 ga wata, bayan la'asar

An mayar da ita babban ɗaki, kusa da taga. Yanzu ina zama a gefenta yadda nake so. Na ɗauka barci take, na ciro 'yar kwamfutar, 'yar Bahago ta sa min wanda aka gyara.

"Me kake ta kallo haka?"

"Jirgin da na ba ki labari kina barci."

"Kawo."

Na sa mata tabarau, na riƙe mata allon. Na fara yi mata bayanin haƙarƙari uku, ta ce in yi mata shiru. Ta ce in maimaita. Na maimaita.

"To kai me kake yi a nan?"

"Ni?"

"Ga ka nan riƙe da tsani."

Na ce haba Tsohuwa, mutum ya ba da baya, makanikai mun fi ashirin, duk kaya iri ɗaya.

"Ni za ka gaya wa ƙeyarka? Dubi tsayuwar, hannu a ƙugu kamar mai ciki. Dubi wandon." Ta huta, ta haɗiyi yawu. "Ni na rage masa ƙafa, satin da aka kai ni gidanka. Ban iya ba. Ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ka sa shi haka don kada in ji kunya."

Na kawo allon kusa da hancina. Ƙafa ɗaya ta rufe takalmi, ɗaya tana lilo a idon sawu. Na kalli fim ɗin nan har na haddace kowane ƙusa a jikin jirgin, ban taɓa duban ɗan saurayin nan ba. Ban san ina da wuya siriri haka ba.

Sai lissafin ya zo da kansa. Satin aurenmu aka ba ni jirgin Bahago. Tun daga lokacin har ranar da ya tafi, ban riƙe wa wani matuƙi tsani ba, doka ce, kowane jirgi da makanikinsa.

"Yanzu ka rantse?" in ji ta. Kafin ta farka na gaya mata na ƙi rantsewa. Ashe da gaske suna ji.

"Na rantse."

"To kira yarinyar mutane, ka bar ta tana jira."

Lahadi, 23 ga wata, lokacin ziyara

Ta zo da lemo a leda. Ta tsaya daga ƙofa tana jin nauyin shigowa, Tsohuwa ta yafito ta.

"Zo nan in gan ki. Kai, goshin nan! Sajan, da ma ba sai ka wahalar da kanka da jirgi ba."

Na faɗa mata komai, har da wandon. Na ce shi ne, na rantse. Ba ta yi kuka nan take ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Mama, yaya yake?"

Ni abin da na sani, yana son a ɗaure masa bel da ƙarfi, kuma ba ya zagin makaniki. Tsohuwa kuwa, ashe ɗakinsu na kallon namu a barikin. A hankali, tana hutawa, ta ba ta abin da ban taɓa ji ba. Yakan zo aron dutsen guga ya mayar da shi da zafinsa. Yana waƙa idan yana wanki, murya kamar ana jan ƙarfe a siminti. Tsoron ƙadangare yake ji, mutumin da ke shiga wuta a sama. Kuma wata rana ya tarar da ita tana ɗinki, ya roƙe ta ta ɗinka 'yar riga ta jarirai.

"Na ce ta namiji ko ta mace? Ya ce ta mace. Na ce in aka haifi namiji fa? Ya ce shi dai mace ya roƙa."

Nan ne ta yi kukan. Tsohuwa ta bar ta ta yi, tana shafa mata baya da hannun da ke da ƙarfi. Matar gadon kusa, wadda ba ta san kan zancen ba, ita ma ta taya ta.

Da ta natsu muka kalla tare, mu uku. Ya zo, ya taka tsani, ya ɗaga hannu. Ta ce in sake. Na sake mata har aka kaɗa ƙararrawar fita.

Talata, da safe

Likita ya ce ƙafar ba za ta dawo kamar da ba, kuma akwai abin da za a ci gaba da dubawa. Wannan karon na tsaya na ji har ƙarshe. Na gode masa. Da gaske nake.

Juma'a, 28 ga wata, da hantsi, a gida

Jiya muka dawo. Yaron ya sauko da gadonta falo, ya kafa mata ƙarfen dafawa a bayi kafin ya koma bakin aiki. Na duba aikinsa, ƙusa ɗaya kaɗai na ƙara ɗaurewa.

Tana kwance tana mulki. Tun safe na share tsakar gida sau biyu, wai na farkon shafa na yi.

Gobe 'yar Bahago za ta kawo 'ya'yanta, suna so su ga mutumin da ya riƙe wa kakansu tsani. Tsohuwa ta ce in je in yi aski, kada in ba yara tsoro. Na ce sai Auta ta dawo, ba zan bar ta ita kaɗai ba.

"Sajan," ta ce, "je ka. Ina nan za ka same ni."

Na tafi.